Jinin Wanzamin Gidanmu

Wanzamin gidanmu ba a aika masa. Idan aka haihu, shi yake ƙirga kwana bakwai da kansa, ranar suna da hantsi sai a gan shi a zaure ya buɗe zabira yana wasa aska. Mahaifinsa ne ya yi wa mahaifina askin suna, shi kuma ya yi mini, ya yi mini kaciya, ya yi wa ƙannena duka. Akwai ɗan tabo a bayan kunnena na dama, kullum cewa yake ba laifin askarsa ba ne, ni ne na fara gardama tun ina ɗan kwana bakwai. Mu yaran gidan Baba muke ce masa, mahaifina kuwa Wanzam yake kiransa.

Na tafi Zariya na karanci aikin gwajin jini, na dawo Birnin Gwari da farar riga da girman kan da ya fi rigar tsawo. Na samu aiki a wani ƙaramin asibiti mai zaman kansa a cikin gari. Ɗakin gwajinmu bai fi ɗakin girki faɗi ba. Muna da madubin duba ƙwayoyin cuta guda ɗaya, da injin juya jini, da firij mai amfani da sola wanda shi kaɗai ne ba ya ba mu kunya, sai kwalayen tsinken gwaji. Shugabar ɗakin wata mace ce da ta kusa haifata, ba ta da yawan magana, Anti muke ce mata.

Tsinken gwajin ciwon hanta nau'in B siriri ne, kusan irin na gwajin ciki. Ana juya jini a inji, ruwansa ya taso sama, a tsoma tsinken a jira minti goma sha biyar. Layi ɗaya, ba a ga cutar ba. Layi biyu, an gani. A takardar da ke cikin kwalin an rubuta ƙarara cewa idan lokacin ya wuce kada a karanta, domin tsinke in ya bushe yakan fito da wani layi dishi-dishi wanda ba komai ba ne. Wannan na san shi tun ina aji ɗaya. Akwai kuma gwajin na'ura da ake kira ELISA, wanda mu sai mun aika jini Kaduna ko Zariya a yi mana. Ya fi tsinke kaifin ido, amma sai an yi kwanaki ana jira. Ni dai a lokacin tsinkena ya ishe ni, ban ga abin da Kaduna za ta gaya mini ba.

A makaranta an koya mana cewa cutar jini take bi, kuma aska ɗaya da ta bi kawuna da yawa hanya ce gare ta. Wannan gaskiya ne, har yau ban sauka daga kai ba. Abin da na ƙara daga aljihuna shi ne na yanke wa duk wanzamai hukunci tun ban ga jinin ko ɗaya daga cikinsu ba. Duk ranar da Baba ya zo yi wa mahaifina aski sai na tsaya masa a ka da wa'azi. Shi kuwa ko a jikinsa.

"Malam Likita," in ji shi yana goge askar a tafin hannu, "kan nan da ka tara boko a ciki, ni na fara share masa fili."

Mahaifina ya yi ta dariya da kumfa a haɓa, ni kuwa in cika in yi fam.

Sana'ar tasa dama ta fara tsukewa. Da can yakan ɗaure zabira a bayan babur ya nufi Kuyello da Tabanni da rugagen Fulani na bakin daji, ya kwana biyu ko uku yana ƙaho da aski, ya dawo da dawa da man shanu, wani lokaci har da kaza. Da daji ya ɓaci hanyoyin suka zama sai da shahada ake bin su, sai ya daina fita. Samari kuma sun koma shagon aski mai inji. Abin da ya rage masa gidajen gado ne na cikin gari, irin namu, su ne suke ciyar da shi da iyalinsa.

Wata damina zazzaɓi ya kama shi ya zo asibitinmu. Likita ya rubuta gwajin zazzaɓin cizon sauro da na taifot, ni na ɗebi jinin. Da ya ga allura a hannuna sai ya ce, "Yau kai ne da ƙarfe, ka rama a hankali." Na yi gwajin da aka rubuta, na ba shi takarda, ya karɓi magani ya tafi. Jini ya ragu a kwalba. Ba wanda ya sa ni, shi ma ban tambaye shi ba, na zaro tsinken hanta na tsoma. Ana haka aka kira azahar. Na fita na yi salla, na biya wurin mai shinkafa da wake, na tsaya gardamar ƙwallo da direban asibiti. Ko da na dawo an fi awa guda.

Layi na biyu yana nan, amma sai da na kai tsinken bakin taga na karkata shi kafin na gan shi da kyau. Abin da ya kamace ni ɗaya ne: in jefar da shi, in tsoma sabo, in zauna a kansa da agogo. Kwali cike yake da tsinke. Ban sake ba, saboda daɗi na ji. Wannan ita ce maganar da na fi jin kunyar rubutawa a nan. Na ji daɗi cewa wa'azina ya tabbata. Na tsiyaye ragowar ruwan jinin a 'yar kwalba, na sa mata lamba, na ajiye a gidan ƙanƙara na firij, na rubuta a rajista cewa an ga cutar.

Ban je na gaya masa ba. Na riƙa ce wa kaina sai na samu lokacin da ya dace. Gaskiyar magana ban san ta yadda zan kalli idonsa in ce na gwada jininsa ba da saninsa ba.

Bayan mako uku matata ta haifi ɗanmu na fari. Ranar suna, an raɗa suna an yanka rago, mutane na zaune a ƙofar gida ana raba goro, sai ga Baba cikin sabuwar riga da zabira a hammata. Ya yi wa mahaifina barka, ya gaisa da liman, ya nufi zaure kamar yadda ya saba. Na tashi na sha gabansa.

"Baba, yau ka huta. Ni zan yi wa yaron aski."

Ya ɗauka tsokanarmu ce ta kullum. "To, Malam Likita, gadon nawa ma ƙwacewa za ka yi? Matsa in wuce, rana na yi."

"Ba wasa nake ba, Baba."

Mahaifina ya ɗago daga kan tabarma. "Kai, mene ne haka?"

A nan ne ya kamata in ja su su biyu mu shiga zaure. Taku uku ne tsakaninmu da shi. Maimakon haka sai na ɗaga murya, irin muryar da nake yi wa marasa lafiya bayani da ita.

"Alhaji, na gwada jininsa. Yana da ciwon hanta. Ba zai sa wa ɗana ƙarfe ba."

Ga liman, ga maƙwabta, ga surukaina da suka zo daga Saminaka. Baba ya dubi hannayensa, ya juya su ciki da baya.

"Yaushe ka gwada?"

"Ranar da ka zo da zazzaɓi."

"Ai ban san har da wannan aka ɗiba ba," ya ce a hankali. Ya gyara zabirarsa, ya juya wurin mahaifina. "Alhaji, Allah ya raya yaro." Ya sa takalminsa ya tafi.

Ni na yi wa yaron aski da sabuwar reza, na bar masa gashi tsibi-tsibi har mata suna dariya. Mahaifiyata ba ta yi dariya ba. Mahaifina ya sa aka kai wa Baba kasonsa na naman suna, ya karɓa, har ya aiko da godiya. Da yamma bayan baƙi sun watse mahaifina ya kira ni. Abin da ya ce bai fi wannan ba: "Ko da gaskiya ce, ba a gaban mutane ake faɗar ta ba." Na ce masa lafiyar jama'a nake karewa, ya dube ni ya ci gaba da jan carbinsa.

Taron suna ba wurin ajiye magana ba ne. Kafin mako ya zagayo ta gama unguwa ta tsallaka kasuwa. Mutane kuma ba su tsaya a inda na tsaya ba. Mai shayi ya ware masa kofi. A masallaci wasu in ya miƙo hannu sai su dafa ƙirji su gaishe shi daga nesa. Ni na san cutar ba ta bin kofi, ba ta bin musabaha, amma ban buɗe baki na faɗa wa kowa ba, don kada a ce na fara janye maganata. Gidajen da ba su taɓa aika masa ba suka fara aika masa, tun jariri na kwana uku, cewa kada ya wahalar da kansa an samu wani. Ran kasuwa nakan hango shi a gindin bishiya da zabira a gabansa, sai baƙon da bai ji labari ba ne yake tsuguna masa. Lokacin girbi na gan shi a gonar wani yana karyar masara tare da 'yan ƙwadago, mutumin da ya aurar da 'ya'ya. Na kawar da kai na ƙara wa babur wuta.

Bayan kaka Anti ta fara zargin tsinkayenmu. Akwai kwalin da ya yi kwanaki a cikin mota a rana lokacin da hanyar Kaduna ta rufe, ga kuma wani mara lafiya da ya dawo daga can da sakamakon da ya saɓa wa namu. Sai ta yanke shawarar a kwatanta. Za a tattara jinin da tsinke ya ce akwai cutar, a haɗa da wanda ya ce babu, a aika Kaduna na'ura ta duba, a ga inda suka dace da inda suka rabu. Ta ce mu ma'aikata mu ba da namu a sa cikin na masu lafiya. Ni na fara naɗe hannun riga, domin sau biyu ina gwada kaina da tsinke, layi ɗaya nake gani. Na Baba kuwa da hannuna na ciro shi daga firij na raba biyu na sa rabi a cikin kular ƙanƙarar da za a aika. So nake na'ura ta buga mini hatimi.

Da sakamako ya dawo, Anti ta kira ni ta rufe ƙofa. Ta ce yawanci sun dace, guda biyu ne suka rabu. Ta ɗora yatsa a kan lamba ta farko. Ba sai na duba rajista ba, na san ta wane ne. Na'ura ba ta ga komai a jinin Baba ba.

Na fara cewa wataƙila jinin ya lalace a hanya. Ta ciro ragowar rabin daga firij, ta jira ya narke, ta tsoma sabon tsinke, ta saita agogon wayarta ta ajiye a tsakaninmu. Muka jira minti goma sha biyar. Agogo ya buga, layi ɗaya ne tal.

"Bar shi a nan," ta ce. "Je ka yi aikinka."

Bayan awa guda ta sake kirana. Ga layin nan na biyu ya fito, dishi-dishi, daidai yadda na gan shi a bakin taga.

"Malam, minti nawa ka jira ranar?"

"Anti, salla na fita."

"Salla ba ta awa guda."

Ba ta ɗaga murya ba, na so a ce ta ɗaga. Ta matsar da yatsanta zuwa lamba ta biyu. "Wannan fa, ka gane ta?"

Tawa ce. Tsinke ya ce babu, na'ura ta ce akwai. Anti ta yi mini bayanin da na riga na sani, cewa wani lokaci abin da gwajin yake nema kaɗan ne a cikin jini, tsinke ya wuce shi, na'ura ta kama. Aka sake ɗibar jinina aka aika, ya dawo haka. Likita ya duba ya ce hantata lafiyarta ƙalau a yanzu, sai dai a riƙa bibiya. Aka gwada matata da na'ura ba a ga komai ba, aka yi mata rigakafi, ɗanmu kuwa dama an yi masa tun ranar haihuwa. Anti ta ce, "Naka sirrinka ne, ba zai fita ta bakina ba. Na dattijon nan kuwa kai ka fitar da shi, kai za ka je." Sai a lokacin na lura da cewa kafin ta yi mini maganar jinina sai da ta rufe ƙofa.

Mako guda na yi ina kewaye layin gidan Baba. Ranar da na iya shiga, bayan la'asar ne, na same shi a ƙofar ɗakinsa yana ɗinke bakin zabira. Na cire takalmi na tsuguna. Na gaya masa komai, tun daga tsinken da na bari ya bushe har zuwa takardar Kaduna. Ban yi niyyar faɗar nawa ba, amma sai na ji shi ya fito, ina jin tausayi nake nema.

Ya yi hamdala a hankali, sau uku. Sannan ya ajiye basilla ya dube ni.

"Kai kuma fa? Ana warkewa?"

"Ana rayuwa da shi, Baba. Bibiya ake yi."

"Ɗana, ko askata ce? Ranar kaciyarku ku shida ne, ƙarfe ɗaya na yi muku da shi."

Wannan tunanin ni na riga shi yi. A ɗakin Anti, tun kafin nadama ta zo mini, abin da ya fara faɗo mini ke nan, in sake ɗora masa laifi. Na ce masa ba wanda ya sani. Yana iya zama tun haihuwa, yana iya zama allura ce ta soke ni a wurin aiki. Ya sa hannu cikin zabira ya fito da kwalin reza.

"Tun ranar nan kowane kai da rezarsa nake yi. Da ka ja ni gefe ka ce in canza ƙarfe, ai da na canza." Ya mayar da kwalin. "Abu ɗaya nake roƙonka. A ƙofar gidanku ka faɗa, a can za ka gyara. Naka kuwa ka bar shi a cikinka. Ni na ga abin da ake yi wa mai ciwon nan a garin nan, ba za ka iya ba."

Na yi kuka a gabansa, da girmana da farar rigata a cikin jaka. Shi ya riƙa ba ni haƙuri.

Ranar Juma'a bayan la'asar, majalisar mahaifina ta haɗu a ƙofar gida, Baba ma ya zo ya zauna a gefen tabarma. Na miƙe na ce, "An kai jinin Baba Kaduna, na'ura ta nuna lafiyarsa ƙalau. Tsinken gwajin ne ya yi kuskure." Haka na faɗa. Na ɗora wa tsinke, tsinken da bai yi laifin komai ba. Ban ce ni na bar shi ya bushe na tafi cin shinkafa da wake ba. Baba ya ɗago ya dube ni sau ɗaya. Mahaifina ya nemi gafararsa a madadina. Wani ya ce kayan zamani ke nan, daga nan hira ta koma kan tsadar taki.

Waɗanda suka ji gyaran ba su kai goma ba, ranar suna kuwa unguwa ce guda. Wasu gidaje sun dawo masa, da yawa ba su dawo ba. Na ji da kunnena ana cewa asiri aka rufa masa saboda tsohuwar hulɗa. Mai shayi sai da ya yi wata biyu kafin ya mayar da kofin cikin sauran. Ni kuwa a nan nake shan shayi kowace safiya, da kowane kofi aka ga dama.

Bayan shekara biyu matata ta haifi mace. Ranar suna na yi ta leƙa zaure tun hantsi, babu kowa. An gama raba goro, rana ta fara zafi, sai ƙanin mahaifina ya nuna mini tsallaken layi. Baba ne a tsaye jikin katanga, da zabira a hammata. Na tsallaka da sauri.

"Baba, me kake yi a nan? Shigo mana."

"Na ce bari in jira a kira ni."

Bai ce mini Malam Likita ba, tun ranar sunan farko bai sake ba. Na karɓi zabirar na riƙe masa har zaure. Ya zauna, ya zaro reza cikin takardarta, ya ɗaga ta sama yadda na ƙofar gida ma za su hango, sannan ya ɓare ta a hankali. Na shiga cikin gida na ɗauko jaririyar, na kawo masa ita da hannuna. Ba wanda ya kalli hannuna. Nasa kowa yake kallo.